Daga ranar kwanciya zuwa ranar sallama: yadda muke neman tarin fuka a jikin mai cutar HIV

Yawancin masu cutar HIV da ake kawo mana ɗakin kwanciya ba da tari suke zuwa ba. Ana shigo da mutum a riƙe, ya rame har zobe ya daina zama a yatsansa, tafin hannunsa ya yi fari fat, zazzaɓi ya fi wata guda yana tafiya yana dawowa. Mai jinya zai zazzage maka leda cike da kwalaye: an yi maganin maleriya sau uku, an yi na taifod, an yi ƙarin ruwa a kemis. Idan ka tambaya ko yana tari, sai a ce maka, "A'a likita, ba ya tari. Rama ce kawai da zufar dare." Wannan amsar ta sa an bar mutane da yawa sun rasu da tarin fuka ba tare da an taɓa nemansa a jikinsu ba. Shi ya sa a wajenmu duk mai HIV da ciwo ya kai shi ga kwanciya, muna ɗaukarsa a matsayin mai tarin fuka har sai bincike ya wanke shi, kuma ranar da ya kwanta ita ce ranar da ake fara nema.

A 2015 an tattara sakamakon binciken gawarwakin masu HIV da suka rasu a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, galibinsu a Afirka kudu da Sahara. A cikin manya, kusan kashi 40 cikin 100 tarin fuka ne a jikinsu. Kusan rabin waɗannan ba a gano shi ba kafin su cika, kuma a kusan 9 cikin 10 ƙwayar cutar ta riga ta fita daga huhu ta bazu a sauran jiki. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa ba zai jira sai mara lafiya ya yi tari ba.

Yadda cututtukan biyu ke haɗa baki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar tarin fuka ta iska take shiga huhu. A jikin mai lafiya, garkuwar jiki takan kewaye ta da ganuwa ta kulle ta a ciki, ta zauna shekaru ba ta yi komai ba. Ƙwayoyin jini da ake kira CD4 su ne ke tsaron wannan ganuwa, kuma su ne abincin HIV. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace mikrolita ta jini. Idan ba HIV, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai cutar da ke kulle za ta tasar musu a tsawon rayuwarsu. Ga mai HIV da ba ya shan magani, kusan wannan adadin ne a kowace shekara. Shi kuma tarin fuka idan ya tashi sai ya ƙara wa HIV kuzarin hayayyafa, CD4 ta ƙara faɗuwa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ramukan da ake gani a hoton huhu da kakin da ke cike da ƙwayoyin cuta, faɗan da garkuwar jiki ke yi ne ke haifar da su. Idan garkuwar ta ƙare babu faɗa, babu rami, kaki ba ya ɗauke da ƙwayoyi masu yawa. Sai cutar ta bi jini ta tafi kaluluwa, saifa, hanta, ƙoda, ɓargo, jakar da ke kewaye da zuciya, har ƙwaƙwalwa. Iya nisan da HIV ya yi, iya yadda tarin fuka ke daina kama da tarin fuka.

Aikin farko a bakin gado ba ya buƙatar komai sai agogo da ma'aunin zafi. Muna ƙirga numfashi na cikakken minti guda, mu ƙirga bugun zuciya, mu auna zafi, mu ce masa, "Malam, daure ka taka zuwa bakin ƙofa." Numfashi sama da 30 a minti, bugun zuciya sama da 120, zafi sama da digiri 39, ko kasa tafiya sai an riƙe shi: ko ɗaya daga cikinsu aka samu, wannan mutum yana cikin haɗari, kuma duk abin da za a yi masa yau za a yi. Daga nan sai tambayoyi huɗu da aka saba, wato tari, zazzaɓi, rama da zufar dare. Ga mai HIV ba a cewa sai tari ya kai mako biyu. Ko na kwana uku ne ya isa. Sai dai a ɗakin kwanciya kusan kowa yana da ɗaya daga cikin huɗun, don haka ba su cika tace mana komai ba. Muna shafa wuya da hammata da matsematsi mu nemi kaluluwa, mu buɗe baki mu duba farin ƙurji a harshe da baƙin tabo a ganɗa, mu lanƙwasa wuya mu ga ko ya sanƙare.

Maganar HIV kuwa ba a yin ta a gaban jama'a. Mukan ce wa mai jinya, "Hajiya, ɗan ba mu wuri za mu duba shi," sannan a yi tambaya a hankali. Mutane iri uku muke samu: wanda bai taɓa gwaji ba, wanda ya sani ya fara magani ya bari, da wanda yake sha amma maganin ya daina yi masa aiki. Na biyun sun yi yawa a yanzu, kuma ba sa saurin faɗa saboda kunya. Idan ka tambaya da faɗa, zai ce maka bai taɓa sha ba, kai kuma ka rasa bayanin da ya fi komai amfani. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce, "Yaushe rabonka da karɓo magani?" Wanda bai san matsayinsa ba ana yi masa gwaji nan take da yardarsa, a tabbatar da na biyu.

Sai fitsari. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauya mana aiki, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai wani sinadari a ɓawon ƙwayar tarin fuka da ake kira LAM, wanda ke fitowa a fitsari idan cutar ta bazu ta kai ƙoda. Ana gane shi da ɗan tsinke mai kama da na gwajin ciki, mai suna Determine TB LAM. Mara lafiya zai fara fitsari, ya tari na tsakiya a kwalba mai tsabta. A ɗebi mikrolita 60 da abin ɗiba, a ɗiga a kan farin bakin tsinken, a sa agogo minti 25. Layin da ke nuna tsinken yana aiki dole ya fito. Layin mara lafiya kuma ba a karanta shi da ido kawai; akwai katin da ke zuwa cikin kwalin mai ɗauke da layuka daga mai haske zuwa mai duhu, sai layin ya kai duhun na farko a katin ko ya fi shi sannan a ce an samu. Kurakuran da muke gani kullum su ne tsoma tsinken cikin kwalba maimakon ɗigawa, ɗibar fitsarin da ya kwana a jakar roba, karantawa da fitilar waya da daddare, komawa a duba bayan awa guda alhali bayan minti 35 sakamakon ba abin dogaro ba ne, da kuma ɓatar da katin. Ajiyarsa ma matsala ce: an yi shi ya zauna ƙasa da digiri 30, ɗakunan ajiyarmu kuwa a watan Afrilu sun wuce haka nesa ba kusa ba.

Gwajin ya fi kama waɗanda suka fi jin jiki. A masu CD4 ƙasa da 100 yakan gano kusan rabin masu cutar, ke nan rabi suna wuce shi. Saboda haka idan ya nuna, muna fara magani a ranar. Idan bai nuna ba, bai wanke kowa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda aka yi a asibitocin Afirka ta Kudu, Tanzaniya, Zambiya da Zimbabuwe, ya nuna cewa amfani da shi ya rage mace-mace cikin mako 8 daga kimanin kashi 25 zuwa 21 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta a kansa a 2019: duk mai HIV da ke kwance, idan yana da alamun tarin fuka, ko yana cikin haɗari, ko CD4 ɗinsa ta yi ƙasa da 200, a yi masa.

Fitsari ba ya faɗa mana ko ƙwayar cutar tana jin magani, don haka ko ya nuna sai mun nemi kaki. Tsohon gwajin madubin likita sai ƙwayoyi sun kai dubu 5 zuwa dubu 10 a mililita guda yake ganinsu, abin da marasa lafiyarmu ba su cika kaiwa ba. Na'urar GeneXpert, wadda aka amince da ita tun 2010, tana gano abin da bai kai ɗari biyu ba, sabon samfurinta na Ultra kuma ya fi haka gani, sannan tana faɗa ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, jigon magungunan tarin fuka. Samun kaki mai kyau shi ne rabin aikin. A kuskure baki da ruwa tukuna, domin ɓurɓushin goro ko tuwo na ɓata gwaji. A ja numfashi mai zurfi sau uku, a yi tari daga ƙirji, a tofa kamar rabin ƙaramin cokali. A waje ake yi, inda iska ke kaɗawa, ba a banɗaki ko bayan labule ba. Abin da ake yawan miƙo mana yawu ne, kuma idan sakamakon yawu ya dawo babu komai sai kowa ya saki jiki. Wanda ya kasa fitarwa ana shaƙa masa tururin ruwan gishiri mai ƙarfi na kashi 3 zuwa 5 cikin 100 har tari ya taso. Idan akwai kaluluwa da ta kumbura, a zuƙo ruwanta da allura a kai wa na'urar, takan ba da amsa fiye da kakin ma. Ruwan da ya taru a ƙirji kuwa ba ya cika nunawa ko da cutar na nan.

A ɗakin gwaji ana zuba ruwan narkarwa kashi 2 a kan kaki kashi 1, a girgiza, a bari minti 10, a sake girgizawa, a ƙara minti 5, sannan a zuba mililita 2 cikin kwanson na'urar. Ƙasa da awa biyu an gama. Amma abin da ke kan takarda daban, abin da ke faruwa daban. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kwanson ya tashi a banza. Ɗaki ya wuce digiri 30, na'ura ta ƙi. Ƙurar hunturu ta toshe mata matata. Kakin da aka ɗiba Juma'a da yamma sai Litinin. Mun koyi cewa takardar da ba a bi sawunta da ƙafa ba takan kwana uku a kan teburi, don haka mutum guda ake ɗora wa alhakin karɓo sakamako kafin a tashi aiki. Inda wuta ba ta tsayawa, na'urar Truenat mai aiki da batiri, wadda ke jure zafi har digiri 40, ta rage wahala. Wani lokaci Ultra kan ce ɓurɓushi kawai ta gani. Ga mai HIV da ke kwance wannan ya isa a fara magani, sai a sake ɗibar wani kakin don a san matsayin rifamfisin.

A wannan rana ta farko dai muna ɗibar jini don CD4, yawan jini, aikin ƙoda, aikin hanta da gwajin ciwon hanta nau'in B. Yawan jini ƙasa da giram 8 a irin wannan mutum alama ce mai ƙarfi ta tarin fuka da ya bazu, ba ƙarancin abinci kawai ba. Hoton ƙirji na iya fitowa tas alhali cutar na ciki. In ya nuna, sau da yawa kumburin kaluluwa ne a tsakiyar ƙirji, ko ruwa a gefe guda, ko ƙananan ɗigo birjik a huhu duka biyu kamar an watsa gero. Idan akwai na'urar sikanin, minti goma sun isa a duba ruwa a jakar zuciya, kaluluwar ciki da ta wuce santimita ɗaya da rabi, da ƙananan baƙaƙen ɗigo a saifa.

CD4 ƙasa da 200 na nufin cutar ta yi nisa, kuma tarin fuka ba shi kaɗai ke jira ba. Akwai wani naman gwari mai suna kiriftokokas da ke kawo sanƙarau, wanda ake ganowa da tsinke a jini cikin minti 10. Idan ya nuna, ko mara lafiya na ciwon kai mai tsanani, ruɗewa ko sanƙarewar wuya, sai an ɗebi ruwan baya. Nan ne ake shan fama da dangi, domin magana ta yaɗu cewa wanda aka ɗebar wa ruwan baya ba ya tashi. Gaskiyar ita ce sai ciwo ya yi tsanani ake kawo mutane, shi ya sa mutuwa ke biyo bayan allurar. Mukan zaunar da babban gida mu ce, "Baba, ciwo biyu ne ke kawo wannan ciwon kai, maganinsu daban, kuma in ba mu ga ruwan ba lalube za mu yi a duhu." Mafi yawa sukan yarda idan aka yi musu bayani a zaune ba a tsaye ba.

To idan duk gwaje-gwaje ba su nuna ba fa? Muna sa allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su seftiriyazon, amma muna guje wa sifurofulokzasin da lebofulokzasin da danginsu, saboda suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka: zazzaɓi ya sauka, a sallami mutum, ya dawo bayan wata guda ya fi da lalacewa. Idan kwana 3 zuwa 5 suka wuce babu sauƙi, ana fara maganin tarin fuka bisa hukuncin likita, a rubuta dalili a fayil. Wanda numfashinsa ke sama-sama, jininsa ya yi ƙasa, hotonsa ya nuna gero, ba ma jiran kwana biyar. A ganina kuskuren jinkiri a nan ya fi kuskuren gaggawa muni sau da yawa, da sharaɗin an riga an ɗebi samfura kafin ƙwayar magani ta farko ta shiga ciki, kuma ba a daina neman wasu cututtukan ba.

Maganin na wata 6 ne: wata 2 na haɗin magunguna huɗu, wata 4 na biyu. Kowace ƙwaya ta zangon farko tana ɗauke da rifamfisin miligiram 150, isoniyazid 75, firazinamayid 400 da etambutol 275. Nauyi ne ke yanke adadi, kuma a teburin da muka daɗe muna bi mai kilo 38 zuwa 54 ƙwaya 3 yake sha, mai 55 zuwa 70 kuma 4. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai sani ba. Ramammen mutum mai kumburin ƙafa yana ruɗar ido. Wanda ba ya iya tsayuwa, ɗan'uwansa ya ɗauke shi su hau sikeli tare, a cire nauyin ɗan'uwan. Ana sake awo kowane wata, domin wanda ya fara da kilo 50 ya kai 57 amma yana nan kan ƙwaya 3, maganinsa ya gaza. Da safe ake sha kafin karin kumallo. In yana tayar da zuciya, ɗan koko ba laifi, amma ban da abinci mai maiƙo. Wanda ya yi amai nan take aka ga ƙwayoyin, a sake ba shi. Kuma tun ranar farko a gaya masa fitsarinsa zai koma ja kamar ruwan zoɓo mara kauri, rifamfisin ne ba jini ba. Mutane sun sha barin magani saboda wannan kaɗai. Tarin fuka na ƙwaƙwalwa ko na ƙashi wata 12 ake yi, na ƙwaƙwalwar kuma ana haɗa shi da dekzametazon, maganin rage kumburi, na mako 6 zuwa 8. Idan na'ura ta ce ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, wannan haɗin ba zai yi ba. Sai a tuntuɓi masu kula da shirin tarin fuka na jiha a sa shi a kan wani tsarin.

Ƙananan ƙwayoyi biyu ne ake yawan mantawa. Septrin miligiram 960 kullum, wanda bincike a Abijan ya nuna tun 1999 cewa yana rage mutuwar masu cututtukan biyu da kusan rabi. Sai firidoksin, wato bitamin B6, miligiram 25, saboda isoniyazid na cin jijiyoyin ƙafa, mutum ya riƙa jin kamar an zuba masa barkono a tafin sawu, in aka yi sake har tafiya ta gagare shi.

Maganin tarin fuka ne ke fara shiga, na HIV ya biyo baya. A da sai an yi watanni ake farawa, mutane na mutuwa a wajen jira. Bincike uku da aka wallafa a 2011 suka sauya wannan. Na Kambodiya ya nuna fara maganin HIV a mako na 2 maimakon na 8 ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun 2021 ƙa'idar ita ce a fara cikin mako biyu ko nawa ne CD4. Inda ake dakatawa shi ne ciwon da ya shiga kai: sanƙarau na tarin fuka ana jira mako 4 zuwa 8, na kiriftokokas mako 4 zuwa 6, domin kumburi a cikin ƙoƙon kai ba shi da wurin faɗaɗa. Wanda ya zo yana kan maganinsa ba a tsayar masa. A ci gaba, a auna yawan ƙwayar HIV a jininsa.

Nan ne kuskuren da ya fi ɓata mini rai yake faruwa, saboda gyaransa ba shi da tsada. Ƙwayar maganin HIV mai suna TLD da kusan kowa ke sha a Najeriya tana ɗauke da tenofobir 300, lamibudin 300 da dolutegrabir 50. Rifamfisin na zaburar da hanta ta riƙa narkar da dolutegrabir da sauri, har abin da ya rage a jini ya yi ƙasa sosai. Maganin wannan shi ne ƙarin dolutegrabir miligiram 50 shi kaɗai, awa 12 bayan TLD, kullum har a gama maganin tarin fuka, a kuma zarce da mako 2 bayan haka saboda hanta ba ta saurin komawa yadda take. Abin da ke jawo mantuwa shi ne sashen tarin fuka daban, sashen HIV daban, kowanne da katinsa, kowa na zaton ɗayan ya rubuta. Mukan rubuta shi da jan biro a katunan biyu, mu kuma ce wa mara lafiya da bakinmu, "Babba da safe, ƙarama da dare." Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da farin ruwan maganin olsa suna riƙe dolutegrabir a hanji, a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Wanda yake kan atazanabir, wani maganin HIV, ba zai haɗa shi da rifamfisin ba sam, sai an sauya. Mace mai shan ƙwayar tsarin iyali ko mai robar dantse a gaya mata rifamfisin na raunana su. Idan ƙoda ta yi rauni, tenofobir ba zai shiga ba sai an sake lissafi.

Mako ɗaya zuwa huɗu bayan fara maganin HIV, wasu sukan koma baya bayan sun fara samun sauƙi: zazzaɓi ya dawo, kaluluwar wuya ta kumbura ta yi ruwa, numfashi ya ƙaru. Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke gamuwa da wannan, musamman masu CD4 ƙasa da 50. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta tarar da abokan gaba a ko'ina ta afka musu. Dangi kan ce sabon maganin ne bai karɓe shi ba, su nemi a tsayar. Kafin mu yarda cewa wannan ne, muna tabbatar da yana haɗiye ƙwayoyinsa, ƙwayar cutar ba mai bijirewa ba ce, kuma ba wata cutar ce ta shigo ba. Sannan a ba da faredinisolon, maganin rage kumburi, miligiram 1.5 a kowane kilo na mako 2, a rage zuwa rabi na wani mako 2, magungunan duka biyu kuma suna tafiya. Binciken da aka yi a Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2018, ya nuna ba da miligiram 40 na mako 2 sannan 20 na mako 2 tun ranar fara maganin HIV yana rage aukuwar abin da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu CD4 100 zuwa ƙasa. Mai baƙin tabon nan na ganɗa ko fata ba a ba shi, domin yana iya zama kansar Kafosi, faredinisolon kuma hura ta yake yi.

Hanta ce ke ɗaukar nauyin duk wannan. Amai da ba ya tsayawa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ido ya yi rawaya, a auna ALT a ranar, wato sinadarin da ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni. Idan ta ninka iyakarta sau 5, ko sau 3 tare da alamu, ko shawara ta bayyana, ana tsayar da rifamfisin, isoniyazid da firazinamayid, har da Septrin. Idan ta sauko ƙasa da ninki 2, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, rifamfisin a gaba, isoniyazid bayan 'yan kwanaki. Firazinamayid sau da yawa ba ya dawowa, sai a tsawaita magani zuwa wata 9. A duba ƙarƙashin gado. Gorar jiƙo da aka kawo daga gida da fakitin farasitamol sukan kasance a can, kuma da zarar ido ya yi rawaya za a ƙaro maganin shawara na gargajiya, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mai ciwon hanta nau'in B kuma ba a cire masa tenofobir da lamibudin haka kawai, don su ne ke danne ta.

Ɗakin kwanciyar kansa wuri ne na ɗaukar cuta. Mai tarin da na'ura ta tabbatar ba a ajiye shi kusa da mai HIV da ba shi da tarin fuka. A kai shi gadon ƙarshe kusa da taga, ya sa takunkumi, ma'aikata su sa N95. Lokacin sanyi masu jinya na rufe tagogi da zannuwa da kwalaye, mu kuma mu buɗe, a ba da ƙarin bargo. Bayan kimanin mako 2 na maganin da ke aiki, yaɗuwar takan ragu ƙwarai. Jarirai da ƙananan yara ba sa kwana a ɗakin.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa shirin sallama tun a makon farko ake fara shi. Watanni biyu zuwa uku na bayan sallama lokaci ne da ake rasa mutane da yawa, wasu saboda ciwon, wasu saboda maganin ya yanke tsakanin asibiti da gida. Gwaji da maganin tarin fuka da na HIV kyauta ne a Najeriya, amma kuɗin gado, hoto, gwajin ƙoda da na mota ba kyauta ba ne, kuma iyalin da suka sayar da akuya suka yi jinyar mako uku ba lallai su iya dawowa ba. Don haka kafin ya sauka daga gado muna yi masa rajista da lambar tarin fuka, mu nemo cibiyar karɓar magani mafi kusa da garinsu, mu kira su a waya a gabansa, mu ba shi takardar sauyi da maganin da zai kai shi aƙalla mako 2, har da ƙaramin dolutegrabir da firidoksin. Muna karɓar lambobin waya biyu, tasa da ta wanda ya amince ya san sirrinsa. Ranar dawowa ta farko kada ta wuce mako 2, saboda a lokacin ne kumburin farfaɗowar garkuwa da matsalar hanta ke fitowa. Za a sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6, a auna ƙwayar HIV a wata na 6. Matar gida ko mijin da yara a kawo su gwajin cututtukan biyu; wanda ba shi da alamu a ba shi maganin rigakafi, ko isoniyazid kullum na wata 6, ko haɗin isoniyazid da rifafentin sau ɗaya a mako har sau 12. Kafin su fita mukan sa mai jinya ya jera ƙwayoyin a kan gado, na safe gefe guda, na dare gefe guda, ya faɗi sunan kowace da lokacinta. Idan ya yi kuskure a sake daga farko, ko da mai mota na jira a bakin ƙofa.